Tuffar da Muka Ɗinke a Cikin Fata

Da sunan Allah, wanda ya ba ni Delu kuma ya karɓe ta. Ni ne Tanko mai ginar rijiya, gidana yana tungar da ke yamma da Dakoro. Ban yi nisa a allo ba, don haka wanda ya ga baƙi a karkace ya miƙe shi da kansa. Na zauna rubuta wanga labari ne saboda na san akwai gidajen da za su yi abin da muka yi, kuma ina so su ji kafin su yi.

A shekarar da nake magana, ruwan sama ya ɗauke lokacin da gero ke fidda kai. Mun sami damman da za su kai mu bazara in an yi hankali, amma wake bai yi ba, yakuwa da rama sun ƙone tun suna ƙanana. Matan da suka saba shanya ganye bisa rumfa ba su shanya komai ba. Tuwo ne da ruwan daudawa, gobe ma haka. Ni dai ina daji wajen aiki, bakina ba ya rabo da magarya da aduwa, 'yan mata biyun da muke da su ma can suke wuni gindin itace. Delu, matata, tana da tsohon ciki, ba ta fita. Abin da ke cikin tukunya shi kaɗai ke shiga bakinta, kuma ban lura ba.

Akwai aduwa a tsakar gidana, a gindinta muke cin abinci. Ni da akushina, ita da ɗiyanta da ƙwaryarsu, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Ina ganin wanda ya ci da wanda ya janye hannu. Ban san wannan wani abu ne ba sai da na rasa shi.

Ta haihu bayan an gama kai gero rumbu. Namiji, ranar suna aka sa mishi Audu. Goggo Tasalla, ƙanwar mahaifina, ita ta zo zaman jego. Ita ta yanke mini cibiya, ita ta yanke wa 'ya'yana duka. Zan faɗi abubuwa a kanta, amma wanda zai karanta ya riƙe wannan tukuna: tsohuwar nan ta bar ɗakinta ta kwana ƙasa kusa da matata fiye da wata biyu, tana ɗauko itace da kanta, tana goyon jariri da bayan da ya riga ya tanƙware. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba.

Dokar jego a wajenmu kowa ya san ta. Wankan ruwan zafi safe da yamma. Kwanciya bisa gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Kunun kanwa da yaji. Ba tsami, ba ɗanye, ba abin da aka tsinko daga itace, wai sanyi ne kuma nono zai tsinke ya ɓata cikin yaro. Mai jego tana ci ita kaɗai a ɗaki, miji kuma iyakarsa bakin ƙofa.

Bakwai na farko lafiya lau. Na biyu ta fara cewa gwiwoyinta na ciwo. Goggo ta ce sanyi ne ya sami hanya, aka ƙara wuta. Wata safiya zan fita na ga inda ta tofa yawu a bakin ƙofa, yashin ya yi ja.

Na ce, "Ke uwar Lanti, wanga jinin na wa ne?" Lanti ita ce babbar ɗiyarmu.

Ta amsa daga ciki, "Asawaki ne ya soke ni, Maigida. Tafi aikinka."

Goggo ta leƙo ta ce, "Mugun jini ne ke fita. Da ka fi so ya zauna ciki? Kai dai mazan yanzu sai leƙen ɗakin mata."

Na ɗauki igiyata na tafi.

A bakwai na uku ayarin gishiri ya sauka wajen rijiyar da nake ƙarawa zurfi. A cikinsu akwai Agali, mutumin Abzin. Shekara goma sha yana sauka gidana in za su kudu, in ajiye mishi kayan da ba ya son ɗauka, ya kawo mini gishiri da dabino. Ina ƙasa na ji muryarsa ta gangaro.

"Kai gafiya, fito daga rami! Har yanzu ba ka ɓulla lahira ba?"

Na ce, "Ina jiran ka riga ni, ka nuna mini hanya, tunda kai ne ɗan ayari."

Da aka jawo ni ya dube ni ta saman rawaninsa ya ce fuskata ba ta yi mishi ba. Na gaya mishi. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko dasashinta ya kumbura. Na ce ban gani ba, ba a bari na shiga. Ya tambaya ko akwai baƙaƙen tabo a ƙafafunta kamar an doke ta. Na ce Goggo ta ce wuta ce ta gasa ta. Sai ya ce mu je gida.

Delu ta fito bakin ƙofa ta gaishe shi, don ta san shi tun tana amarya. Da hannu bisa baki take magana. Ya roƙe ta ta sauke hannun. Ranar na fara gani. Dasashin ya yi shuɗi-shuɗi, ya taso har ya fara hawa haƙoran.

Agali ya ce, "Na san wanga ciwo. A hanyar Gat, can cikin hamada, yake kama mu in tafiya ta yi tsawo, dabino ya ƙare, sai garin gero kawai. Na binne mutum biyu da shi. Wanda ya kai garka ya ci 'ya'yan itace kuwa, cikin kwana goma yana zagin raƙuminsa."

Ya kwance wata 'yar jaka daga cikin kayansa ya zazzage a tafin hannu. Yanka-yanka ne busassu, guda tara, ja-ja, sun yamutse kamar kunnen tsoho. Ya ce Larabawan can arewa suna ce mata tuffa, a ƙasarsu ake yin ta, itace ne kamar yadda muke da kanya. Wani Balarabe da ya ɗaukar wa kaya ne ya ba shi, kuma tsohuwarsa ya ajiye wa.

Ya ce, "Ka jiƙa ta a ruwan ɗumi, tana yin laushi, ba ta son haƙori. Ka dama da nono mai sanyi. Ita ce za ta buɗe mata baki. In ta ƙare ka bi da garin ƙwame, ɗan kuka, da magarya dakakka, da tsamiya in ka samu. Kuma ka fito da ita cikin mutane ta ci, ka gani da idonka. Ka ji ni, gafiya? Abinci ne. A baki ake sa shi."

A baki ake sa shi. Maganar nan tana nan a kunnena kamar yanzu ya yi ta.

Goggo ta karɓi guda ɗaya, ta kai hanci, ta mayar da sauri.

Ta ce, "Tsami."

Agali ya ce, "Tsohuwa, ɗanɗana mana."

"In ɗanɗana mi? Hancina ya mutu ne? Kai Ba'abzine, nawa ka taɓa haifa?"

"Ban haihu ba, amma na karɓi haihuwar raƙuma, taguwa ta fi ɗari."

"To je ka ba taguwarka. Ni mata nake yi wa jego tun uwarka na goye da kai, ba wadda na taɓa ba tsami. Yaron nan in cikinsa ya ɓaci kai za ka shayar da shi?"

Ya yi dariya, ita ma ta murmusa, aka kawo mishi ruwa. Da gari ya waye suka ɗora kaya suka yi kudu. Ya bar mini jakar a hannu.

A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na tsaya tsakanin abokin da na yarda da shi da matar da ta yanke mini cibiya, na nemi hanyar da ba wanda zai ji haushina. Goggo ce ta kawo ta. Ta ce ita ba ta raina abin ba. Abin da ya keto hamada daga ƙasar Larabawa ba ya rasa albarka, kuma abu mai albarka ba a tauna shi a kai bayan gida. A ɗinke shi a rataya mata a wuya, ya yi aikinsa daga nan. Haka muke yi da duk abin da ya fi ƙarfinmu. Na ji maganar ta zauna mini, don ta sauke mini nauyi.

Ranar kasuwar garin Mai Yara na kai wa baduku. Ya juya yankan a hannu ya ce, "Ina takardar?" Na ce ba takarda, su za a ɗinke. Ya shinshina ya ce, "Wallahi malam wanga abu kama da abin ci yake. Ba ni ɗan gutsure in ji." Na hana shi. Na ce magani ne, a ƙirge yake. Ya ɗinke su duka tara a jar fata, ɗinki mai kyau, ya sa igiya. Na dawo ina jin na yi abin kirki.

Bakwai na huɗu aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a baya da gwiwa, a zuƙe mugun jinin. Tsagar da ke kamewa cikin kwana uku a jikin kowa, tata ta ƙi. Kwana takwas tana tsattsafo da jini.

Daga nan 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da nasa. Wata ta ce a ƙara kanwa. Wata ta ce kanwar ce ba ta da kyau, a nemo ta Borno. Yayan Delu ya ce baki ne, don an ga ta haifi namiji bayan mata biyu. Wani maƙwabcina ya kira ni gefe ya ce rijiyar da nake haƙa akwai masu ita, na taɓa musu gida, in bar aikin. Na bari kwana shida, ba abin da ya canja sai rumbu da ya ƙara sauka. Malamin tungarmu ya riƙa yi mata rubutun sha kullum bai karɓi komai ba, Allah ya saka mishi. A cikin duk mutanen nan ba wanda ya tambayi mi take ci.

Bakwai na biyar na ja akuya zuwa Ɗan Gulbi wajen wani mai magani da ake ta faɗi. Na isa da hantsi na tarar da mutane zaune a jere gindin gawo, wasu tun jiya. Akwai mai ƙafar da ta ruɓe, ƙuda na binsa. Akwai wata da ɗanta a cinya, ba ya ko motsi, tana ta kore mishi ƙuda tana cewa barci yake. Wanda ya zo bisa doki ba ya zama, wucewa yake ciki. Ni da akuyata sai da la'asar ta yi sanyi aka kira mu. Mutumin bai bari na gama magana ba. Ya ce iska ce ta shige ta ranar da ta haihu, ya ba ni sassaƙe a dafa, ya sa aka ɗaure akuyar. Zan fita ya ƙara da cewa, "Kada a kuskura a ba ta tsami." Da na kawo wa Goggo wannan magana sai ta ce, "Ka ji ko? Har masu sani sun faɗa."

Kwana arba'in suka cika. Ranar da mai jego ke yin kitso ta saɓa ɗanta ta shiga gidaje gaisuwa, Delu ba ta iya tsayuwa sai an riƙe ta. Na ce wa Goggo, to arba'in ta cika, doka ta ƙare, bari in nemo ƙwame. Ta ce, "Arba'in ta mai lafiya ce. Wadda ba ta warke ba jegonta bai ƙare ba. Yanzu ne ma sanyi zai fi kama ta." Ban nemo ba. Mutum mai furfura a gemu, mai shiga ramin da ya fi gaba talatin ba tsoro, na kasa musa mata.

Amma daga ranar na fara shiga ɗakin, ko Goggo na so ko ba ta so. Zafin cikin ɗakin kamar maƙera. Wata rana da azahar na same ta a jingine, tana riƙe da layar a tafin hannu.

Ta ce, "Maigida, mi ke cikin abin nan ne?"

Na ce, "Maganin Agali ne, kin gani ai."

"In na yi zufa sai ta riƙa ƙamshi. Yunwa take sa ni."

"Bar ta, aiki take yi."

Ta yi 'yar dariya da hannu bisa baki ta ce, "To ta fi kunun Goggo ƙamshi. Kada ka gaya mata."

Wuƙata na ɗaure a damtsena a lokacin. Ban zare ta ba. Na gyara mata zane na fita.

Cikin bakwai na bakwai na gano ba ta cin komai. Tururuwa na gani sun yi layi zuwa bayan gado, na bi su, na tarar da tsohuwar tukunyar wanka cike da kunu ya yi tsami ya bushe a gefe. Goggo takan ajiye mata ƙwarya ta fita hura wuta ko lallashin yaro, ta dawo ta ga ƙwarya wayam ta ce madalla. Ashe juyewa take. Kunu mai zafi da yaji a kan ɗanyen dasashi, ta ce kamar an zuba mata garwashi ne. Na ce don mi ba ki faɗa ba? Ta ce, "Tsohuwa ta tashi tun asuba ta dama, in ce mata ba na sha? Da wane ido?" Da a gindin aduwa take ci, ko kwana biyu ba za ta yi ban gani ba.

Ranar na yi faɗa. Na ɗaga murya a kan Goggo, abin da ban taɓa yi ba. Ta zauna bisa turmi tana kuka tana cewa ita ba ta taɓa cin abin da ta hana Delu ba, tun ranar haihuwa kunun nan take sha ita ma. Gaskiya ta faɗa. Aka daina sa yaji, aka riƙa barin kunu ya huce. Na ce a ba ta nono. Aka ba ta, tana sha kaɗan. Maganar ƙwame kuwa Goggo ta ce sai dai in kore ta daga gidan tukuna, kuma in na kore ta wa zai riƙe Audu? Ban kore ta ba. Layar ma ban tuna da ita a matsayin abin ci ba, wallahi. Tun da fata ta rufe ta, ta zama laya a idona.

Nononta ya ƙafe. Ƙanwarta da ke aure a Ajekoriya tana da goyo, ta zo ta ɗauki Audu. Delu ba ta yi kuka ba da za a tafi da shi, ta dai ce a juyo mata fuskarsa. Bayan nan haƙoranta suka fara girgiza, biyu suka fita da kansu. Wani tsohon tabon ƙuna da ke hannunta tun tana yarinya ya buɗe kamar jiya aka yi shi. Ƙafafu suka kumbura. In ta kwanta numfashi ya gagara, sai a zaunar da ita, Goggo ta zauna bayanta ta zama mata majingini, wuni guda ba ta motsa ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi, cikin bakwai na tara, ina gyara igiyar guga a tsakar gida Goggo ta kira sunana sau ɗaya. Na shiga. Ta riga ta tafi, tana jingine a ƙirjin tsohuwar.

Matan da suka yi mata wanka suka ciro layar suka miƙo mini. Na rataye ta a reshen aduwa, don ban san inda zan kai ta ba.

Goggo ba ta koma ɗakinta ba, ta zauna riƙon 'yan matan. Kuma ba ta bar kunun ba, ta ce ba abin da ke shiga mata sai shi. Bayan sadakar arba'in na ga tana tashi da dafa bango. Na ga tana magana da hannu bisa baki. Na duba reshen aduwa, layar ba ta nan. Tana wuyanta, ƙarƙashin zane.

Ana haka ayari ya juyo daga kudu da gero da tufafi. Wannan karon Agali bai yi mini kirarin gafiya ba, an gaya mishi tun a rijiya. Ya shigo ya zauna, muka yi addu'a. Sannan ya ce, "Ta ci?"

Goggo ce ta jawo igiyar daga wuyanta ta nuna mishi. Ta ce, "Ga shi, ba mu wulaƙanta maka ba. Ba ta rabu da shi ba har ta cika."

Ya dubi jar fatar. Ya dubi bakin Goggo, don ta yi mantuwa ta sauke hannunta daga baki. Ni ido kawai nake gani a fuskarsa, sauran rawani ya rufe, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya zare wuƙarsa ya miƙo mini ta wajen ƙota.

Na ce, "Goggo, ba ni."

Ta ce, "Tanko, kada ka farke abin mamaciya."

Na ce, "Ba ni, Goggo. Na binne ɗaya."

Ta ba ni. Ɗinkin ya yi ƙarfi, badukun ya iya aikinsa. Da na farke suka zubo, tara cif, sun yi duhu da zufarta amma ba abin da ya same su. Na jiƙa su a ruwan ɗumi suka kumbura suka yi laushi. Agali ya kwanto garin ƙwame daga kayansa, na aika aka karɓo nono wajen Fulani. Na dama duka a babbar ƙwaryar da Delu ke dama fura. Na shimfiɗa tabarma gindin aduwa na ce yau ba akushi daban, kowa ya matso. Ni, da 'yan matan biyu, da Goggo. Agali ya ɗebi nasa a koko ya juya baya, don su Abzinawa ba sa buɗe baki a gaban mutane.

Na cika ludayi na miƙa wa Goggo na tsare ta da ido. Ta karɓa. Ta kai baki. Ta daɗe tana juya yankan tuffar a kan harshe, don ba ta iya taunawa. Sai ta ajiye ludayin a hankali.

Ta ce, "Tanko."

Na ce, "Na'am."

"Ai zaƙi gare ta."

Ta sake faɗa, wannan karon ba da ni take ba, ta fuskanci ƙofar ɗakin da Delu ta kwanta. "Zaƙi gare ta, 'yar nan. Ban ɗanɗana ba." Lanti ta fara kuka, ƙanwarta ta bi. Na ce kowa ya sha, ba mai tashi sai an ga gindin ƙwarya. Muka sha muna kuka har ta ƙare. Akwai ɗan tsami can a ƙarshen harshe, bai ko kai na nonon da ya kwana ba.

Daga ranar kullum sai an dama ƙwame ko an daka magarya a gidana, kuma a gabana ake sha. Cikin kwana goma sha jinin bakin Goggo ya tsaya. Ta rasa haƙori uku, gwiwa ta sake ta, tana nan da ranta har yau. Audu ya dawo bayan yaye, yana gudu yanzu.

Ni ba mai magani ba ne. Ban ce yanka tara za su hana mutuwa ba, kwanan kowa a rubuce yake. Wataƙila ko ta ci da ta tafi, don ciwon ya haɗu da kumburi da wahalar wuta. Allah ne ya sani. Abin da na sani shi ne mata biyu sun yi ciwo iri ɗaya a gida ɗaya, ɗaya mun rataya mata a wuya, ɗaya mun sa mata a baki.

Don haka ga abin da nake gaya wa mai gida. In shekara ta zo ba ganye, ka duba bakin matarka, kada ka jira yashi ya nuna maka. Tuffa ba kowa zai gan ta ba, ni ma ban sake gani ba, amma ƙwame da magarya da tsamiya ba su gagari kowa ba. Kada a bar mara lafiya da ƙwarya shi kaɗai a ɗaki, kunya tana hana mutum cewa ba ya iya ci. Kuma abin da za a hana majinyaci, mai hanawa ya fara kai shi bakinsa.

Ina gode wa Goggo, ba don ita ba da 'ya'yana sun watse. Ina gode wa ƙanwar Delu da ta raba nononta biyu. Agali kuwa har yanzu yana sauka gidana, bai taɓa tayar da maganar ba, kuma bai sake ce mini gafiya ba. Goggo takan ce in yafe mata. Ina ce mata ba ita ta taka zuwa Mai Yara ba, ba ita aka ce wa yunwa take sa ni ba.

Har yanzu ana kiranta zaman jego. Tana tafiya da ƙullin garin ƙwame a bakin zane, ta zauna ta sha tare da mai jego a ƙwarya ɗaya. Wasu gidajen sun daina kiranta, sun ce tsufa ya taɓa mata kai.

Jar fatar tana cikin jakar kayan aikina. Lanti ta ce har yau in aka kai ta hanci tana ƙamshi. Ni ban gwada ba.

Allah ya jiƙan Delu, ya sanyaya mata makwanci, ta sha zafi ya ishe ta.